Hosea Tillery da Jitar da Ya Hana a Gyara

An haifi marigayi Hosea Tillery a shekarar 1899 a wani ƙauyen manoman auduga kusa da garin Tchula, a Jihar Mississippi ta ƙasar Amurka. Mahaifinsa Ambrose da mahaifiyarsa Lovie suna noma gonar wani Bature ne, in kaka ta yi a raba amfani, rabon da bai taɓa yi musu daɗi ba.

Karatu da Sana'a

Hosea bai wuce aji uku ba, domin auduga ba ta jiran ɗalibi. A shekarar 1917 ya ga hoton wata jita a littafin tallan kaya, ya aika da dala biyu da rabi, aka kawo masa ita a jirgin ƙasa. Katakonta na banza ne da aka rufa wa asiri da fenti, tsirkiyoyinta na ƙarfe masu cin yatsa, amma tana da amon da ke danne hayaniyar 'yan rawa ranar Asabar. Da ita ya yi kiɗan blues na baƙaƙen fatar Amurka tsawon rayuwarsa, yana goga wuyan kwalba a kan tsirkiya, ranar Litinin kuma ya koma huɗa a bayan alfadari.

Aure da Iyali

A shekarar 1922 ya auri Ozella Greer, mace mai kaifin baki da taushin zuciya. A makon aurensu ta sa fartanya ta kashe wani maciji mai ƙararrawa a wutsiya, ta yanke ƙararrawar ta jefa cikin jitar, bisa al'adar makaɗan yankin, waɗanda suka ce tana korar ɓera da zanzaro, tana kuma ƙara amo.

"Tunda waƙar taka sai a hankali, ga mai taya ka," in ji ta.

Tun daga ranar jitar ta sami wata 'yar zuga a ƙarƙashin kowane sauti, kuma a cikin zugar nan suka raini 'ya'ya shida.

Shekarun Tsufa

A shekarar 1966 Ozella ta makance, mantuwa ta biyo baya, har ta daina gane muryar 'ya'yanta. Mijinta kaɗai take ganewa, shi ma sai ya kaɗa jitar, sannan ta karɓi abinci daga hannunsa.

A shekarar 1968 wasu masu bincike biyu daga wata jami'a ta arewacin Amurka suka zo ɗaukar waƙoƙinsa. Don kyautatawa suka kai jitar wurin mai gyara, bayan kwana biyu suka dawo da ita tana walƙiya, an miƙe wuyanta, an kuma zubar da abin da suka ɗauka datti ne a cikinta. Gyaran gangar auzinawa ke nan. Hosea ya yi godiya, domin mutum ne mai kunyar baƙo, ya zauna gaban matarsa ya kaɗa.

"Bawan Allah, kiɗanka da daɗi," in ji Ozella, "amma mijina na hanya, gara ka tafi kafin ya iso."

Ta ture kwanon, washegari ma haka, sai ɗan ruwa. Wannan ya yi wa Hosea ciwon da mutuwar 'ya'yansa biyu kaɗai ta taɓa yi masa. Yana da shekara sittin da tara ya ɗauki fartanya ya shiga ciyawar bakin kogi, ya yi wuni uku yana neman maciji, a na ukun ya dawo da ƙararrawa a aljihu. Ya jefa ta cikin jitar ya kaɗa.

"Hosea, ina ka shige ka bar ni da baƙi?" Ta ƙara kasa kunne. "Kuma wannan ba tawa ba ce, ƙarama ce."

"Ita na samu, Zella."

"Dama kai ba ka iya farauta ba. Miƙo abincin."

Rasuwa

Ozella ta rasu a watan Nuwamba na 1970, Hosea ya bi ta ranar 9 ga Maris, 1971, aka binne shi kusa da ita a makabartar cocinsu. Ya bar 'ya'ya huɗu: Vesta, Ambrose ƙarami, Luther da Idella. Jitar tana hannun Vesta, tare da wasiyyar da ya sa ta rubuta: in tsirkiya ta tsinke a canja, ban da wannan kada a gyara komai.