Igiyar Shanu a Ranar Iyaye

Abin ya daɗe, ƙwaƙwalwata kuma ba abar dogaro ba ce. Mai yiwuwa na haɗa wani abu da wani.

Ban jima da gama jami'a ba aka tura ni koyar da tarihi a wata sakandare a ƙasar Maƙarfi. A zangon ƙarshe mun karanta yadda Turawa suka kwashi bayi zuwa gonakin rake a Amurka. Da ranar iyaye ta matso, aka ce in tsara wasan kwaikwayo a kan darasin. Na rubuta a tsorace, ina ta duba littafi kada in yi wa tarihi ƙarya.

Mataimakin shugaban makarantar, ɗan garin ne, ya ce shi zai raba wa yara matsayi.

"Malam, kai baƙo ne. Ni na san wanda ya dace da kowane wuri."

Na yi masa godiya. Ban san yaran da ya zaɓa su fito a bayi duk 'yan rinji ba ne, unguwar da aka ce kakanninsu bayin gona ne. Cikinsu har da yaron da ya fi kowa ƙoƙari a ajina.

Ran wasan aka fito da su tsakar fili, an ɗaure su da igiyar shanu da muka aro wajen wani makiyayi. Ɗalibin da ya fito a dillali ya ɗaga hannun yaron nan yana neman tayi. Sai wani attajiri a layin gaba ya amsa daga kujerarsa.

"Damin rake biyu."

"Alhaji, za a cuce ka," in ji na kusa da shi. "Kakansa ma a dami ɗaya gidanmu suka saya."

Aka bushe da dariya, har da malamai, ina jin. Ni dai na duƙar da kai.

Mahaifin yaron, dattijo ne, ya taso daga baya.  Ya kwance igiyar, ya naɗe ta tsaf kamar mai tashi daga kiwo, ya miƙa wa mataimakin da hannu biyu.

"Yallaɓai, ga kayanku. Kai yaro, wuce mu je."

Yaron bai sake zuwa makaranta ba. An ce yana lodin rake a garin Kudan, amma ban gani da idona ba.

Fili ya cika ran nan. Wanda ya halarta, in ya ga na yi kuskure ko na ɗora wa wani abin da bai faɗa ba, don Allah ya aiko mini da gyara.