Na'urar da Take Gaida Goggo

Yayana mutum ne da in aka ƙero sabon abu a ƙasar Sin da safe, kafin la'asar ya fara jin kunyar wanda yake hannunsa. Yadi yake sayarwa a kasuwa, amma in yana bayanin fasaha sai ka rantse da shi ake shawara kafin a harba tauraron ɗan'adam. Shi ya sayi agogon da yake auna bugun zuciya, wanda ya taɓa umartarsa ya tashi ya motsa jiki ana tsakiyar huɗuba. Shi ya kafa kyamara a ƙofar gidansa, ƙofar da ba a taɓa rufe ta da rana ba. Akuyar maƙwabta ce ta fi kowa wucewa ta wurin, kuma duk shigarta sai agogon ya sanar da shi ya yi baƙo.

Ni malamin firamare ne. Shekarar da rediyo ya ishe mu da labarin ƙirƙirarriyar basira, wai za ta ƙwace aikin likita da lauya da direba, ko a jikina. Na ce duk na'urar da za ta iya tsayawa gaban ajina cikin zafin bazara ba fanka, bisimilla, ga alli. Ashe ba aikina ta nufa ba, gaisuwa ta zo karɓa.

Muna da Goggo, ƙanwar mahaifinmu, a tsohon gidanmu na Ƙofar Guga. Ita kaɗai ta rage cikin manyanmu. Allah bai ba ta haihuwa ba, a hannunta aka yaye Yaya, kuma daga nan bai koma ɗakin mahaifiyarmu ba. Shi ne ɗanta, ni ɗan rakiya ne. A da kowace Juma'a in an sauko masallaci can muke zarcewa, ta kawo dambun zogale mu ci a kan tabarma. Da kasuwa ta buɗe wa Yaya sai ya fara tsallake Juma'a, har ya daina zuwa. Shinkafa da mai ba sa yankewa, yana aikowa. Goggo kuwa ba shinkafa take jira ba, so take ya zo ya zauna ya ci dambunta.

Wata rana na leƙa shagonsa ya miƙo mini waya yana washe baki.

"Malam, ka ga wagga manhaja? Na yi mata magana ta ɗauke muryata tsaf. Kullum da hantsi ita za ta kira dangi ta gaishe su. An sada zumunci, ba a ɓata lokaci ba."

Na ce, "Yaya, gaisuwar ma sai an ba da kwangila?"

Ya ce matsalata ke nan, duniya tana gudu ni ina riƙe da alli.

Sai dai a faɗi gaskiya, na'urar ta iya gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya zafi, ya ƙafar, ya muka ji da hidima, ba ta tsallake ko ɗaya, ba ta gaggawa, ba ta hamma. Wani ɗan kawunmu a Batagarawa da Yaya ya koya wa, shi ma ya sa tasa. Ranar da na'urorin biyu suka haɗu a layi, tun hantsi suke tambayar juna gajiya har aka kira azahar, don ba wadda aka koya wa fara cewa sai an jima. Mutuwar batir ce ta raba su.

Goggo ta tare ni da murna. "Ɗan nan ya shiryu," in ji ta. "Kullum sai ya kira, har ciwon gwiwata shina tambaya." Na buɗe baki zan yi magana, na ga fuskarta, na mayar da shi na rufe.

Inda aka samu matsala, an cusa wa na'urar ladabi fiye da kima, ba ta iya ce wa babba a'a. Goggo ta ce indararo ya karye, na'ura ta ce za a gyara. Ta ce tana son Umra, ta ce an gama. Har alkawari ta ɗauka cewa in matar Yaya ta sake haihuwa sunan Goggo za a sa, matar da take da jikoki. Duk wannan dariya ya ba ni. Wanda bai ba ni dariya ba shi ne tambayar kowace Alhamis: "Gobe kana tahe?" Na'ura ta ce, "In Allah ya yarda, Goggo."

Sai ta tashi ta share tsakar gida, ta turara dambu, ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Ni in zo in ci nawa, na Yaya a rufe da faifai har magariba. Washegari na'ura ta kira ta ba da haƙuri, haƙuri mai daɗi irin wanda Yaya bai taɓa iya bayarwa ba. Haka muka yi ta yi har damina ta faɗi. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na rasa wanda zan huce a kansa, shi ko wayar.

Na same shi a shago na zayyana masa komai. Ya latsa waya ya nuna mini rahoton da manhajar take ajiyewa: an rubuta Goggo tana cikin farin ciki, ga wata rawayar fuska tana murmushi a gefe.

"Ka gani? Kimiyya ce ta auna."

Na manta ni ƙane ne, na manta akwai masu ciniki. Na ce, "To kimiyyar ta zo ta ci dambun, don ni na gaji da ganin kwanonka a ruhe!" Mai zaɓen shadda ya ajiye ya fita. Ran Juma'a na tarar da Yaya yana jirana a bakin masallaci, muka zarce wurin Goggo.

Ya durƙusa gaban Goggo ya yi gaisuwarsa ta asali, gajera, ido yana kan agogo. Agogon ya yi ƙara, akuyar maƙwabta ta shiga gidansa. Goggo ba ta gama amsawa ba sai wayarta ta ɗauki ruri. Yaya ya manta bai kashe gaisuwar barka da Juma'a ba.

Ta dubi wayar, ta dube shi, ta ɗauka. Kamar kullum a buɗe take sa murya, don kunnenta ya yi nauyi. Muryar Yaya ta cika tsakar gida tana tambayar gajiya da gwiwa da ruwan jiya. Goggo ta amsa ɗaya bayan ɗaya, ba ta rage komai ba, mai muryar yana durƙushe gabanta yana zufa. Da aka gama ta ce, "Yau kana tahe?"

"In Allah ya yarda, Goggo, ina hanya."

"To, Allah shi kawo ka lahiya." Ta kashe.

Yaya ya fara in-ina. "Goggo, ai wannan abin..."

"Na sani," in ji ta. "Tun kiran hwarko na sani. Kai da na goya, yaushe ka taɓa bari na kai ƙarshen magana?"

Na ce, "To Goggo, mi ya sa kike ta dambu?"

"Na ga tana da ladabi. Na ce wata rana za ta ji kunyata ta isar mashi da saƙo."

Yaya ya zaro wayarsa, ya ce yanzun nan zai goge ta. Goggo ta dafa hannunsa.

"Bar ta. Kai ka zo Juma'a, ita ta kira sauran kwanakin. Kwanakin suna da yawa, ɗan nan, gidan kuma shiru."

Ta ɗage faifan ta tura masa kwano. Ya sunkuyar da kai yana ci, agogon yana ta ƙara wai zuciyarsa tana bugawa da sauri, bai ko dube shi ba.