Maccido Ya Ƙi Dangwala Yatsa

Maccido mutumin Tsibiri ne ta ƙasar Maradun. Kafin a fara ginin madatsar Bakolori, da abu biyu aka san shi: noman fadama da kokawa. Da kaka, idan amfani ya shiga rumbu, yakan ɗaura ɗamararsa ta fata mai layu, ya bi fagage har Janbako da Bakura. Shekara goma sha ɗaya ya yi a haka, bai taɓa jinyar da ta wuce ta targaɗe ba.

Da aka auna fadamarsa cikin wuraren da ruwa zai ci, sai ya shiga lebura a wajen masu gina hanyar ruwa, kusa da Talata Mafara. Aikinsa ɗaya ne: ya sunkuya, ya ɗora kwanon kankare a ka, ya gangara da shi cikin rami, ya juye, ya hauro. Daga hantsi har la'asar, kwana shida a mako.

A shekara ta biyu ƙugunsa ya soma ciwo, ciwon ya riƙa sauka har cinyar hagu. Bai gaya wa kowa a wurin aiki ba, domin ɗan kokawa ba ya cewa wayyo cikin mutane. Sai ya ciro tsohuwar ɗamarar, wadda ya rataye tun ranar da ya fara lebura, ya riƙa tamke ƙugu da ita a ƙarƙashin riga. Matarsa Altine, mai gasa masa baya da ruwan zafi kullum, ta ce, "Maigida, ka hwaɗa musu mana."

Ya ce, "In hwaɗa musu mi? Kwano ya ka da ni?"

Wannan kuskure ne, kuma wajibi ne a kira shi da sunansa. Haƙuri shi ne ɗaukar abin da ba shi da magani. Ɓoye cuta ga wanda ya jawo ta ba haƙuri ba ne, sauke masa nauyi ne kawai.

Wata Laraba ƙafar ta mutu yana tsakiyar gangara, ya durƙusa da kwano a ka. Aka kai shi ɗakin maganin ma'aikata. Malamin asibitin ya ɗaga masa riga, ya ga ɗamara da layu, bai yi wata tambaya ba ya rubuta cewa raunin kokawa ne.

Bayan kwana uku sai ga Labaran, heluma, wato shugaban leburori, wanda kuma taubashin Maccido ne, ya zo har gida da takarda. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, Maccido yana jingine da bango, Altine tana daga bakin ƙofa tana tankaɗe.

Labaran ya ce, "Raggo, na samo maka kujera. Gadin ƙohwar sito, ka zauna a inuwa kamar basarake. Dangwala yatsa nan."

"Kai da ka iya boko, karanta min mi aka rubuta."

"An ce ciwonka daga kokawa yake, ba daga aiki ba. Magana ce ta takarda kawai."

"Bawana, yaushe rabonka da ganina a hwage?"

"Shekara biyu."

"To wa ya ka da ni ranar Laraba? Aljani?"

Labaran ya yi dariya, sannan ya daina. Ya ce, "Maccido, ba ka da gona, ba ka da baya. In ka ƙi wagga takarda, za a soke sunanka. Mi za ku ci?"

Tambayar tana da nauyi, kuma Labaran ba mugu ba ne. Amma a auna maganar da hankali. Ɗan kokawa yana kamawa na ɗan lokaci ya saki. Yana juya jiki ta kowane gefe, yana hutawa tsakanin karo da karo, kuma ranar da ya ji ba daidai ba yana iya zama cikin 'yan kallo. Lebura kuwa sunkuyo ɗaya yake maimaitawa, a gaɓa ɗaya, ba shi ke zaɓar nauyin ba, ba shi ke zaɓar lokacin hutu ba. Duka biyun gumi ne, amma na farko yana gina jiki, na biyu yana cin sa. Wanda ya haɗa su a takarda, ko dai bai sani ba, ko yana da dalilin ƙin sani.

Maccido bai yi wannan dogon bayani ba. Ya ce, "Mu nawa ne masu ɗingishi a rukuninka?"

"Kun kai bakwai."

"Dikko na cikinmu, kuma bai taɓa shiga hwage ba. In na dangwala, gobe shi kuma a ce garma ce ta karya shi, tunda an samu hanya. Ban yi wa kokawa ƙazahi, ban kuma yi wa Dikko."

Labaran ya juya wajen Altine. "Matarmu, ki yi mai magana. Ke ce za ki ɗora tukunya."

Ta ce, "Ni na gasa bayan nan, Labaran. Na san ranar da ya soma. In kuna son yatsa, ku rubuta gaskiya, ni ma in ba ku nawa."

Labaran ya naɗe takardarsa ya tafi. Ya roƙi ofis a sauya kalma ɗaya, wato kokawa, aka ƙi. Da mako ya kewayo aka ba wani mutumin Bakura gadin, aka soke sunan Maccido.

Ya koyi tufkar igiya, sana'ar da ake iya yi a jingine. Altine ta kama sayar da ƙosai. Sun sha wuya ƙwarai a damina biyun farko, kuma bayansa bai sake miƙewa ba har ya bar duniya. Duk Talata yakan hau jaki a karkace ya kai igiyoyinsa kasuwar Mafara, ya bi ta gaban ƙofar siton, ya yi wa maigadin sallama da babbar murya, ya wuce.