Kujerar Mai Gadi a Ɗa'if

'Yar ƙanena ce ta jawo min. Ta zo umara daga Kano, likita ce, amma wasan yara bai sake ta ba. Wai a duniya akwai masu ɓoye ƙananan akwatuna a ƙarƙashin duwatsu, sai waya ta nuna maka wurin ka je ka tono. Ta ce akwai ɗaya a wani lambu a Ɗa'if, bakin tafki.

"Gwaggo, ki raka ni mana, ki sha iska."

Na ce, "Ke 'yar nan, iskar unguwarmu ta Mansur ta ishe ni."

Ba ni da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar. Tun da na zo aikin hajji na zauna, wanki da guga nake yi a gidajen mutane. Ga Inna a ɗaki, ba ta tashi sai na ɗaga ta. In aka kama ni, jirgi za a saka ni, ita kuwa wa zai juya ta? Amma na daɗe ban ga ruwa kwance ba, sai na famfo. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Na bar Inna a hannun maƙwabciya, muka shiga mota.

Lambun ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Muka yi ta zaga tafkin a ƙasa, tana gaba da waya, ina baya ina haki. Can ta durƙusa tana cusa hannu cikin duwatsu kamar mai neman ɓera. Kafin in ce ta tashi, sai ga mai gadi da kaki.

Na ja da baya. Ita ko a jikinta, ta nuna masa waya da fasfo, suka yi ta kame-kame da Turanci har ya yi dariya. Sannan ya dube ni, ya ga gumi, ya jawo kujerarsa ya ajiye min.

"Itfaddali ya hajja."

Na gane sarai zama yake nufi. To amma baƙuwar umara ina ta san Larabcin Hijaz? Ina buɗe baki zai san 'yar gida ce, daga nan sai tambayar takarda. Na yi masa kallon wadda ba ta ji ba, sai da ya nuna da hannu na zauna. Ja'irar ta ce, "Gwaggo, huta, yanzu zan dawo," ta bi dutse ta ɓace.

Ga ruwa a gabana, ga shayi ya zuba min, ni kuwa ko motsin kirki na kasa. Wallahi na tsani akwatin nan da wanda ya ɓoye shi.

Sai wayarsa ta yi ƙara. Ya tsaya dab da ni yana magana, tunda a ganinsa ba na ji. Uwarsa ce kwance, bayanta ya fara gyambo, 'yar'uwarsa na kuka ba su san yadda za su yi ba. Ni kuwa na sani. Na san yadda ake juya mutum, da inda ake sa matashi, da man da ake shafawa. Maganar ta zo min har maƙogwaro.

Ya kashe wayar, ya share ido da bayan hannu. Da ya ga ina kallonsa sai ya yi murmushi, ya ɗaga butar shayi yana tambaya ko a ƙara.

Ko "Allah ya ba ta lafiya" ban iya ce masa ba. Na miƙa kofi.