Ɗakin da Maiwada Ya Gina Kusa da Nakiya

Waɗanda suka san Maiwada magini a ƙarshen rayuwarsa sun san shi da ɗabi'a guda. In za ka yi masa magana sai ya karkato maka gefen hagu, kamar mai shirin tashi. Wasu na cewa girman kai ne. Ni maƙwabcinsa ne a Maska, katanga ɗaya ta raba mu, shi ya sa ba na tankawa in an faɗi haka.

Rumbu da soro ne sana'arsa, gadon uba. Hannunsa ba ya sauri, bakinsa ma haka. Matarsa Hansai takan ce in ka aike shi kiran ungozoma, sai ranar suna zai dawo.

'Yan shekaru bayan samun mulkin kai, wani kamfani ya zo fasa dutse yamma da gari don tsakuwar hanya. Mai kula da nakiyar Bayarabe ne haifaffen Funtua, sunansa Ayinde, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ya ɗauki Ɗanjuma, ɗan Maiwada tilo, aikin danna akwatin da ke tayar da nakiya. Ɗanjuma magidanci ne lokacin, matarsa na da tsohon ciki. Wayar da ta haɗa akwatin da dutsen ba ta da tsawo. Kowa zai gudu nesa, amma mai dannawa dole ya zauna kusa, don haka sai an yi masa ɗakin fakewa.

Ayinde ya samu Maiwada a zaure, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, ɗaki nake so wanda ko ƙasa ta yi tari ba zai motsa ba."

"Wa zai zauna ciki?"

"Ai ka sani, Baba."

Maiwada ya gane Ɗanjuma ake nufi. Sannan ya ce, "Sai na ga ƙarfin abin tukuna. Ba a ɗinka wa wanda ba a gani ba riga."

Ayinde ya bayyana masa cewa ba duwatsun da ke tashi kaɗai ne abin tsoro ba. Iskar da nakiya ke turowa tana mari, kuma marin nan ana iya auna shi. Ya tara gwangwanayen kananzir, ya rufe bakinsu da takardar buhun siminti, ya liƙe da ƙaro, wasu falle ɗaya, wasu ruɓi biyu. Aka jera su daga gindin dutse zuwa inda waya ta ƙare, kowanne yana fuskantar dutsen. Maiwada kuma ya yi 'yan gajerun katangu na tubali, wasu miƙaƙƙu, ɗaya zagayayya kamar cikin rumbu. Aka kunna nakiya da lagwani irin na da, kowa ya ruga.

Da ƙura ta lafa suka koma. Takardu sun fashe har kusa da ƙarshen waya, sai masu ruɓi biyu suka tsira. Miƙaƙƙun katangu sun kwanta. Zagayayyar tana nan tsaye.

"Ashe iskar ba ta son a tare ta gaba da gaba," in ji Maiwada. "Halin Hansai ke nan."

Ya gina ɗakin zagayayye, gajere, rabinsa cikin ƙasa, da kauri kamar ganuwa. Ya juya wa dutsen baya, ƙofa na kallon gabas. A gabas ɗin akwai wani falalen dutse da awaki ke hawa. Duk mun san da shi, babu wanda ya sa shi a lissafi.

Magina suna da wata al'ada: wanda ya ɗora rufi shi ke fara shiga ƙarƙashinsa. Ranar gwaji Maiwada ya cire takalmi ya nufi ƙofa. Ayinde ya sha gabansa.

"Haba Baba! A sa akuya mana."

"Akuya ce ta gina?"

Ɗanjuma ya ce shi zai shiga, tunda wurin zamansa ne. Uban ya dube shi sau ɗaya, maganar ta mutu.

Muna can nesa ƙasa ta girgiza. Ɗakin ko tsagewa bai yi ba. Maiwada ya fito yana kakkaɓe riga. Ɗanjuma ya rugo ta damansa yana kiran "Baba! Baba!" amma bai waiwaya ba sai da ya dafa shi. Na ga Maiwada ya share jinin da ya gangaro daga kunnensa na dama da hula, ya cusa hular a aljihu.

"Ɗaki ya yi," in ji shi da murya sama da yadda ya saba. "Ƙofa ce ba ta yi ba." Ya nuna dutsen awaki. "Wancan ne ya maido da iskar."

Ayinde ya ajiye gwangwani a cikin ɗakin, bakinsa na kallon ƙofa, aka sake tayarwa. Takardar ta yage. Ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Maiwada ya ce masa ya tashi, ba shi kaɗai ya manta da baya ba.

Washegari ya kwaɓa ƙasa ya ja katanga a gaban ƙofar, mai lanƙwasa, irin wadda ake yi bayan zaure don kada idon baƙo ya kai tsakar gida. Sai ka karya kwana kafin ka shiga. Aka gwada, takarda ta fito lafiya. Duk da haka ya sake shiga da kansa, wannan karon da auduga a kunne, kafin ya bar ɗansa ya zauna.

Ɗanjuma ya yi aikin har hanya ta ƙare. Ranar da matarsa ta sauka, yana ƙofar gida ya jiyo kukan jaririyar tun kafin a zo masa da albishir. Aka sa mata Rabi'atu.

Ɗanjuma ya taɓa tambayar uban abin da ya sa yake juyo da gefe ɗaya. Maiwada ya ce tsufa ne. Hansai tana tankaɗe a lokacin, ba ta ɗaga kai ba. Rabi'atu kuwa tun tana tatata, in za ta roƙi kakanta rake, sai ta zagaya ta hagu.