Muryar Ikrima a Gonar Gero

Shekara tara Ikrima ya yi a Jos yana waƙar rok, mai rugugin jitar lantarki da ihu har murya ta dishe. Da ɓarin jikin mahaifinsa ya shanye, ya dawo Wurno riƙon gona, wai na damina ɗaya.

Sau ɗaya aka gayyace shi biki. Ya yi waƙa uku bai wasa kowa ba, ko uban ango. Aka kashe masa janareta.

Bana damina ta bakwai. In gero ya fara nuna, maƙwabta sukan zo da ladabi: "Malam Ikrima, tsuntsaye sun addabe mu. A taimaka mana da waƙar nan."

Yakan je kuwa. Can kaɗai ake barinsa ya kai ƙarshen waƙa.