Tulunan Kakata da Suka Narke

Abin ya faru shekarar da aka huda mini kunne, damina biyu kafin rijiyar unguwarmu ta rufta. Ban shiga lakwal na yi boko ba, amma lissafina bai taɓa kuskure ba.

Kakata maginiyar tukwane ce, duk Birni an san tulunta. Ranar toyi mukan jera tukwane a matoya, a rufe da kara da busasshen kashin shanu, a sa wuta. Rannan da toka ta huce muka tone, sai ga tuluna bakwai sun lanƙwashe, bakinsu ya zubo kamar kitse, gefensu na ƙyalli kore-kore irin na kwalba. Ni dai a sanina yumɓu fashewa yake yi a wuta, ba ya narkewa.

 Kaka ta je gun ragowar yumɓun, ta ɗanɗana, ta tofar.

"Kanwa," ta ce. "Wa ya jiƙa mini ƙasar nan?"

Matar kawuna ce ta jiƙa. Shekararta guda tana roƙon Kaka ta koya mata gini, Kaka na ja mata rai. Ubanta kuwa fataucin kanwa yake daga ƙasar Manga.

"Iya, wallahi ruwan kwatarniyar awaki na zuba, ban san an jiƙa musu kanwa ciki ba."

"Hancinki na wurin wanki ne lokacin?" in ji Kaka.

Daga ranar aka hana ta taɓa yumɓu. Ta yi kuka, kawu ya sa baki, Kaka ba ta sauya ba har ta rasu. Ni aka koya wa.

Jikata mai karatun boko ta ce mini ƙasa da yashi suna narkewa in wuta ta kai, kanwa kuma tana sa su fara narkewa da wuri, wai haka ake yin kwalba. Na ce na riga malaminku gani. Abin da bai gaya muku ba, yaya ɗiyar mai kanwa za ta kasa gane ruwan kanwa?

Cikin waɗanda suka tsaya bakin matoyar nan, saura ni da ita matar kawun nawa. Ta makance yanzu. Nakan kai mata goro ran Juma'a, ta riƙe hannuna ta ce, "Har yau ba ki yarda ba ko?"

Nakan ce mata ta ci goronta.